Awon Zafi da Tururin Ruwa a Saman Gonakin Noman Rani



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ake auna zafi da tururin ruwan da ke kai da komowa tsakanin gonar ban ruwa da iskar da ke samanta. Wanda ya ji wannan take yana iya tsammanin zance ne na masana kimiyya kaɗai. To, amma a ƙarƙashinsa akwai wata tambaya guda wadda ta shafi injiniyan madatsar ruwa, da malamin gona, da mai tsara kasafin kuɗi, da manomi kansa, watau, ruwa nawa gona take sha a yini ɗaya?

Dalilin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne, a duniya baki ɗaya, kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da mutane suke ɗiba daga koguna da tafkuna da rijiyoyi, noma ne yake cinye shi. A ƙasarmu kuwa, tun daga shekarun 1970, musamman bayan babban farin 1972 zuwa 1974, an zuba dukiya mai yawa wajen tare ruwa domin noman rani. An gama madatsar Tiga a 1974, da ta Bakolori a 1978, da ta Challawa a 1992. Ruwan da yake fita daga ƙofar madatsa ba shi da wuyar aunawa, gama ana ganinsa, yana bin magudana. Wanda yake da wuya shi ne wanda yake barin gona ya tashi sama, ba a ganinsa, ba a jin motsinsa, alhali kuwa dominsa aka gina madatsar.

INDA RUWAN GONA YAKE TAFIYA

Idan manomi ya buɗe wa gonarsa ruwa, ruwan nan hanya uku yake bi. Wani ya gangare ya koma magudana ko rafi. Wani ya nutse ya wuce saiwoyi, ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na uku shi ne wanda yake zama tururi ya shiga iska. Na farko da na biyu ba su bar ƙasar ba, mai yiwuwa ne wani manomi da ke ƙasa da wannan ya same su a kogi ko a rijiya. Na ukun nan shi ne ya tafi ke nan, ba mai sake ɗibansa a wannan kwarin.

Shi ma tururin ta ƙofa biyu yake fita. Akwai wanda yake tashi kai tsaye daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar yadda wanki yake bushewa a kan igiya. Akwai kuma wanda saiwa take tsotsa, ya hau ta cikin kara, ya fita ta wasu 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da ke jikin ganye. Tsiro ba shi da dabara sai ya buɗe ƙofofin nan domin ya shaƙi iskar da yake haɗa abincinsa da ita, da zarar ya buɗe kuwa sai ruwa ya sulale. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da tsiro yake sha wucewa kawai yake yi. Waɗannan ƙofofi biyu in an haɗa su, a cikin wannan lacca zan riƙa kiransu shan gona.

Ana faɗin shan gona da milimita, kamar yadda ake faɗin ruwan sama. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000. Saboda haka gonar alkama mai hekta 1 da take shan milimita 6 a yini, tana tura lita 60,000 sama tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, watau cikin ganga 300 irin ta man fetur mai cin lita 200. Ina roƙon ma'aikata su lura da wannan lissafi. A shirin ban ruwa mai hekta 10,000, kuskuren milimita 1 tak a yini ya zama lita miliyan 100 kowace rana. In kuskuren ya ɗore kwana 100, ya zama lita miliyan 10,000. In an rage ne, amfanin gona ya sha ƙishirwa. In an ƙara ne, ƙasa ta jiƙe fiye da kima, ruwan ƙasa ya taso, kanwa da gishiri su fito, sa'an nan masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru su ga canji a ambaliyar da suka dogara da ita.

ZAFI SHI NE KUƊIN TURURI

To, yaya za a auna abin da ba a gani? Amsar tana cikin randar da ke gidan kowa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi? Saboda randa tana tsattsafo, ruwan da ya fito bayanta yana ƙafewa, kuma ba ya ƙafewa sai ya ɗauki zafi daga jikin randar ya tafi da shi. Haka salkar matafiyi take yi, haka gumi yake yi a jikin mutum. Ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai an biya da zafi, kuma farashin sananne ne. Kilo 1 na ruwa, watau lita 1, yana bukatar zafi kimanin megajul 2.45 kafin ya ƙafe. Domin a gane girman wannan adadi, ya ninka fiye da sau 5 zafin da ake bukata a ɗauki ruwan nan daga sanyin ƙanƙara a kai shi tafasa. Masana suna kiransa ɓoyayyen zafi, domin ma'aunin zafi ba ya ganinsa, yana tafe ne a cikin tururin.

Da yake farashin sananne ne, wanda ya iya lissafin zafi ya iya lissafin ruwa. Sai mu ɗauki gona tamkar baitulmali mai littafin shiga da fita. Kuɗin shiga daga rana yake zuwa. Koren amfanin gona yana mayar da kusan kashi 23 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ƙasa kuma tana fitar da wani zafin zuwa sararin sama dare da rana. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne jarin gona. Wannan jari gida uku ake kashe shi: kaɗan ya shiga ƙasa ya ɗumama ta, wani ya ɗumama iska, shi ne zafin da fata take ji, sauran ya tafi wajen ƙafar da ruwa. Dole shiga da fita su yi daidai, domin zafi ba ya ɓacewa.

A busasshen fili babu ruwan da za a ƙafar, don haka kusan duk jarin iska yake ɗumamawa, shi ya sa ƙasa take ƙuna a bazara. A gonar da ta ƙoshi da ruwa kuwa, mafi yawan jarin tururi yake tafiya. Duk wanda ya taɓa fitowa daga fili ya shiga lambu da rana tsaka ya ji wannan bambanci a jikinsa.

HANYOYIN AWO

Hanya mafi sauƙi ita ce kwanon awo, wanda ake gani a tashoshin duba yanayi. Faɗinsa kimanin santimita 121, zurfinsa 25. A zuba ruwa, a dawo washegari a ga nawa ya ragu. Ba shi da tsada, kowa kuma yana iya koyon aiki da shi. Sai dai kwano ba tsiro ba ne. Ba shi da ƙofofin da zai rufe in ya ji ƙishirwa, gefensa yana ɗaukar zafi, tsuntsaye da awaki ma sukan sha daga ciki in ba a kewaye shi ba. Don haka abin da ya nuna sai an rage shi da wani kaso kafin a danganta shi da gona.

Hanya ta biyu ita ce laisimita. Wani babban akwati ne da ake cikawa da ƙasa, a binne shi tsakiyar gona a kan sikeli, a shuka masa irin abin da aka shuka kewaye da shi, har mai wucewa ba zai san yana nan ba. Duk nauyin da ya ragu, in an cire wanda ya tsiyaye ta ƙasa, ruwa ne da ya tashi sama. Ita ce hanyar da ake gwada sauran hanyoyi da ita. Abin alfahari ne cewa an yi irin wannan aiki a nan ƙasar. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Kowal da Kassam sun yi amfani da laisimita sun auna shan ruwa da rabon zafi a gonar masara, suka buga sakamakon a 1973, sa'an nan na gero a 1975. Aibin laisimita shi ne tsadar gini, ga shi kuma ba a ɗauke ta a kai wata gona.

Hanya ta uku ta samo asali daga wani masani ɗan Amurka, Ira Bowen, a 1926. Dabararsa ta yi kama da rabon gado. In ka san jimillar dukiya, ka kuma san cewa wane zai sami ninki kaza na abin da wane zai samu, ka san rabon kowa ko da ba ka ƙirga hannunsa ba. Ana kafa sanda a gona, a ɗaura ma'aunin zafi da na laima a wuri biyu, ɗaya kusa da kan amfanin gona, ɗaya sama da shi da kamar mita 1. Bambancin zafi tsakanin wuraren biyu, in aka gwada shi da bambancin laima, shi yake nuna yadda jarin ya rabu tsakanin ɗumama iska da ƙafar da ruwa. Wani ma'auni ya ba da jimillar jarin, wani faifai da aka binne ya ba da abin da ya shiga ƙasa, sai lissafi ya fito. Rauninta shi ne, bambancin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai, sau da yawa bai kai digiri 1 ba, kuma da hantsin farko da almuru lissafin yakan rikice.

Hanya ta huɗu ita ce wadda masana suka fi dogara da ita a yanzu. W. C. Swinbank ne ya fara gwada ta sosai a Ostareliya a 1951, amma ba ta yaɗu ba sai da aka sami kwamfuta da na'urori masu sauri. Ku dubi hayaƙin murhu, za ku ga ba ya tashi a miƙe, murɗawa yake yi. Haka iska take a saman gona, cike take da 'yan ƙananan guguwoyi, wasu na hawa, wasu na sauka. Mai hawa tana ɗauke da laimar gona, mai sauka tana zuwa a bushe. Aikin na'urar kamar na mai tsaron ƙofar gari ne a zamanin da, wanda yake ƙirga jakunan da suka fita da kaya da waɗanda suka shigo wayam. Ana auna hawa da saukar iska da wata na'ura mai aiki da sauti, ana auna tururin da wata mai aiki da haske, sau 10 ko 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, sa'an nan a tara lissafin kowane rabin sa'a. Ita ce hanyar da take kama tururin yana cikin tafiya. Duk da haka, a tashoshi da yawa na duniya an tarar cewa abin da take ƙirgawa yakan gaza jarin da ya shigo da kashi 10 zuwa 30 cikin 100, masana kuma suna ta muhawara a kan inda ragowar take shiga.

Tun da ba kowace gona za a kafa wa na'ura ba, sai aka nemi hanyar ƙiyasi daga bayanan tashar yanayi. Tun 1802 John Dalton ya nuna cewa ƙafewar ruwa tana ƙaruwa da bushewar iska da ƙarfin kaɗawarta. A 1948 Howard Penman, a tashar bincike ta Rothamsted a Ingila, ya haɗa wannan da lissafin zafin rana. A 1965 John Monteith ya ƙara masa lissafin ƙofofin ganye. Wannan tsari ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauka a 1998 ya zama ma'aunin kowa. Ana lissafa abin da gajeriyar ciyawa mai ƙoshin ruwa za ta sha, sa'an nan a ninka da wani adadi gwargwadon irin shuka da girmanta. Alkama da tumatir in sun rufe ƙasa adadinsu kusan 1.15 ne, albasa 1.05, shinkafa 1.20. Har ila yau, taurarin ɗan'adam irin su Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 suna ɗaukar zafin fuskar ƙasa daga sama. Gonar da take sha da yawa takan fito da sanyi, mai ƙishirwa ta fito da zafi, daga nan a zana taswirar shan gona ta shiri guda baki ɗaya.

MATSALAR ISKAR RANI

Yanzu na zo kan abin da ya fi shafarmu. Lissafin da na kawo ya ɗauka cewa rana ce kaɗai take kawo kuɗin shiga. A ƙasa mai dausayi, inda ko'ina kore ne, haka abin yake. Gonar noman rani kuwa tsibiri ce a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Iskar da take isowa gare ta ta riga ta ratso fili mai ƙuna, ta kwaso zafi, ba ta da laima. In ta tarar da jiƙaƙƙen ganye sai ta ba shi zafin nan ta karɓi ruwa. A irin wannan hali gona takan sha fiye da abin da hasken rana kaɗai zai iya biya, domin ta sami bashi daga maƙwabta.

An ga wannan a fili a ƙasar Sudan, a shirin Jazira, wanda madatsar Sannar ta 1925 take shayarwa, inda Hausawa masu yawa suka zauna suna aikin auduga. Davenport da Hudson sun jera ƙananan ma'aunai a kan layi mai tsawon kilomita 17 wanda ya ratsa gonakin auduga da filayen da aka bari, suka buga sakamakon a 1967. Sun tarar cewa ƙafewar ruwa ta fi tsanani a bakin gonar da iska take fara bugawa, tana raguwa in an shiga ciki, sa'an nan ta sake tashi in an fito fili. A jihar Nebraska ta Amurka kuma, a farin 1976, an auna gonar ciyawar dabbobi tana shan kimanin milimita 14 a yini, abin da rana kaɗai ba za ta iya biya ba.

Ku kwatanta wannan da halin da muke ciki. Alkamar Kadawa ana shuka ta ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta girma cikin hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas take busar da leɓe. Hazo yana rage hasken rana, wanda zai sa a zaci shan gona zai ragu, amma bushewar iskar tana ja ta wani gefen. In Maris ya shigo kuma zafi ya hau, bukatar ta ƙaru. Bugu da ƙari, gonakinmu ƙanana ne, wannan alkama, wancan albasa, na gaba an bar shi ba shuka, watau kusan kowace gona bakin gona ce. Wannan yana wahalar da awo ma, domin ƙa'idar da aka saba bi ita ce, na'urar da aka ɗaga mita 2 tana son shuka iri ɗaya na kusan mita 200 ta wajen da iska take fitowa. Ƙura kuma tana rufe idon na'urori, sai an riƙa gogewa.

Ba a ce ba a yi kome ba a wannan yanki. A 1992 masana daga ƙasashe da dama sun taru kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, a wani babban shiri mai suna HAPEX-Sahel, suka yi awo daga ƙasa da jirgin sama da tauraro. Amma gonakin gero na damina da saura da daji suka auna. Gonar rani a ƙarƙashin hunturu daban take, adadin da aka samo a wata ƙasa kuwa sai an gwada shi a tamu kafin a gina kasafin ruwa a kansa. Ko taswirar tauraro ma ƙiyasi ce, tana bukatar awon ƙasa da zai gaskata ta. Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.

KAMMALAWA

Zan rufe da shawara uku. Ta farko ga hukumomin raya kogunan ƙasa da ma'aikatun gona: kowane babban shirin ban ruwa ya kamata ya kasance da tashar yanayi a cikin gonakin kansu, wadda take auna hasken rana, da zafi, da laima, da iska kullum ba fashi. Tashar filin jirgin sama da ke kan busasshiyar ƙasa ba za ta faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a saman alkama ba. A sa kuɗin kula da ita a cikin kasafin kowace shekara, gama na'urar da aka saya aka bari ta lalace ba ta da bambanci da wadda ba a saya ba.

Ta biyu ga jami'o'i: a zaɓi wuri ɗaya ko biyu masu faɗi, a kafa laisimita da hasumiyar awo gefe da gefe, a bi alkama da shinkafa da tumatir shekara da shekaru, har a fitar da adadin da ya dace da ƙasarmu, a rubuta shi da harshen da malamin gona zai kai wa manomi.

Ta uku gare ku ɗalibai. Wannan fage yana bukatar wanda ya san lissafi, ya san tsiro, kuma ba ya ƙyamar tashi da asuba ya shiga taɓo ya goge ƙura daga na'ura. Yawan jama'a yana ƙaruwa, birane suna neman ruwan sha daga madatsun da manoma suke sha, ruwan sama kuma ba shi da tabbas. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye a shekarun fari har ya bar magudanun babban shirin ban ruwa na kudancinsa a bushe. Ranar da za a zauna raba ruwan kogi tsakanin na sama da na ƙasa, da gari da ƙauye, da manomi da masunci, wanda yake riƙe da awo na gaskiya shi za a saurara. Ina fata a cikinku za a sami masu riƙe da shi.